Filin Masu Kiwo: Kifin Nemo Ya Yi Ƙwai, Ina 'Ya'yan Suka Shiga?

Wasiƙun da na ware a wannan fitowa duk a kan kifi guda suke: ɗan kifin tekun nan ruwan lemo mai fararen ɗamara uku, wanda yara ke kira Nemo tun fitowar fim ɗin nan na 2003, masana kuma suke kira Amphiprion ocellaris. Masu tambaya kan ciwon tarwada su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

Assalamu alaikum Malam. Sana'ata ƙyanƙyasar tarwada. Na ga kifin Nemo a wani shago a Legas ya shiga raina. Yaya ake gane mace da namiji, kuma wace allura ake yi wa macen kafin a matse ƙwan? — Mai ƙyanƙyasa, Kano

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye sirinjin nan. Abin da ka saba a tarwada, ka yi wa mace allura da dare, da safe ka matse cikinta a roba, ka yanka namiji ka ciro farin ruwansa ka gauraya, babu ko ɗaya da ke aiki a nan. Kifin da iyakar girmansa santimita 11, ina ma wurin matsewar? Shi da kansa yake zaɓen abokin zama, da kansa yake share wurin ƙwai, kuma sai ya ga dama.

Batun gane mace da namiji kuwa, a ƙanana babu abin ganewa, don babu macen tukuna. Kowannensu ta ɓangaren maza yake tasowa. A teku rukuni-rukuni suke zama a jikin animoni, wata dabba mai kama da fure mai yatsu masu harbi. Wadda ta fi kowa girma a rukunin ita ce mace, mai bi mata shi ne mijin, sauran 'yan jiran gado ne, ba su balaga ba. Ranar da macen ta mutu, sai mijin ya ƙara girma ya rikiɗe ya zama mace, babba a cikin ƙananan ya hau matsayin miji. Hans Fricke da Simone Fricke ne suka bayyana wannan a mujallar Nature a 1977, bayan sun bibiyi wasu danginsa a Bahar Maliya. A 2003 kuma Peter Buston ya wallafa awon da ya yi wa wani danginsu a Madang ta ƙasar Papua New Guinea, ya tarar kowane na ƙasa yana tsayar da girmansa a wajen kashi 80 cikin 100 na wanda ke gabansa, don kada a ga ya yi kafaɗa da na gaba a kore shi. Ikon Allah ke nan.

Abin da ya shafi aljihunka shi ne rikiɗar hanya ɗaya ce. Wanda ya zama mace ba ya komawa namiji. Saboda haka kada ka bari mai shago ya haɗa ka da manya biyu don sun fi kyau a ido, musamman in kowannensu ya daɗe shi kaɗai a akwatinsa. Wataƙila mata biyu ka saya, kuma ba za su daina faɗa ba sai ɗaya ta kwanta dama. Sayi ƙanana biyu su taso tare, ko babba ɗaya da ƙarami sosai. Za ka ga babban yana kora, ƙaramin yana juya gefe yana karkarwa. Ba ciwo ba ne, mubaya'a yake yi. Amma in ka ga fiffikensa ya yayyage, ya laɓe a kusurwar sama ya ƙi cin abinci, raba su da shamaki mai huji-huji na 'yan kwanaki.

Tambayi mai shagon ko a gona aka ƙyanƙyashe su ko daga teku aka kamo. Tun farkon shekarun 1970 Martin Moe ya fara ƙyanƙyasar kifin nan don kasuwa a Florida ta Amurka, yau kuwa gonakinsa sun yawaita. Na gona ya saba da busasshen abinci da zaman gilashi. Na teku sau da yawa yakan zo da cutar Brooklynella, mai sa fata ta yi farar majina ta kashe kifi cikin kwana ɗaya ko biyu, ga kuma masu kamun kifin ado a Filifin da Indonesiya da aka daɗe ana kuka da su kan amfani da gubar sayanayid. Sannan ka shirya jira, mace takan kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kafin ta fara ƙwai. Tsabtar ruwa da kwanan zaune da sana'arka ta koya maka za su yi maka rana, amma karanta amsar da ke biye kafin ka fitar da ko sisi.

Malam, ina da guda biyu a falona a akwatin gilashi mai lita 120. Suna yin ƙwai a jikin dutse kusan duk sati biyu. Ƙwan yakan fara da ruwan lemo, ya yi duhu, sai ranar ta takwas in wayi gari babu komai. Maigidana ya ce namijin ne ke cinyewa. In cire shi? — Wata mai karatu, Abuja

Hajiya, ki ba maigida haƙuri, wannan karon an yi wa namijin ƙazafi. Ƙwanki ƙyanƙyashewa yake yi. Gaskiya ne sabon miji kan cinye ƙwan farko ko na biyu, haka ma in iyayen ba sa samun abinci mai kyau ƙwan kan fito fari-fari su cinye abinsu, amma wannan a kwanakin farko yake faruwa. Ƙwan da ya kai kwana bakwai ko takwas, ya yi duhu, har kika ga idanu biyu na ƙyalli kamar azurfa a cikin kowane ƙwai, wannan ya nuna. Namijin ne ma ya kai shi nan, yana yi masa fifita da fiffike don iska ta ratsa, yana tsince wanda ya lalace da baki. A zafin digiri 27, awa ɗaya zuwa biyu bayan an kashe fitila suke fashewa. Kafin asuba matatar ruwa ta zuƙe rabi, sauran kifaye sun yi kalaci da sauran, har iyayen ma, don da zarar ɗa ya bar ƙwai ba su san shi ba.

Kin riga kin ci rabin da mutane ke ɗauka shi ne mai wuya. Na gaba ne mai wuyar, kuma a kan abinci yake.

Ɗan da ya fito tsawonsa wajen milimita 3 ne, bakinsa ƙanƙani, ɗan gwaiduwar da ya fito da ita ba ta kai shi nisa, kuma abin da ke motsi a gaban idonsa kawai yake kai wa hari. Garin abinci komai laushinsa ba ya kallonsa. Abin da ya dace da bakinsa wata ƙanƙanuwar halitta ce ta ruwa da ake kira rotifa, nau'in Brachionus, wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na milimita ba. Ba a sayenta a kanti ranar da ake bukata, kiwonta ake yi, kuma ita ma sai an ciyar da ita da gansakukar ruwa mai ƙwaya ɗaya irin Nannochloropsis. Ashe ke nan kiwo uku ne a gabanki: gansakuka, rotifa, sannan kifi. Ni duk wanda ya ce mini zai ƙyanƙyashe Nemo, ba na tambayarsa kifinsa, bokitin rotifarsa nake cewa ya nuna mini.

Ga yadda nawa suke a ɗan ɗakin da na keɓe. Bokitin roba mai lita 20, ruwan gishiri mai sauƙi wanda bai kai na teku ba, bututun iska na ɓulɓula a hankali. Safe da yamma nakan ɗiga gansakukar kwalba, wato wadda ake saye a shirye in ba a son wahalar kiwonta, har ruwan ya yi kore-kore. In ya washe cikin 'yan awoyi, alama ce rotifar ta yawaita tana ci. Kullum nakan tace wajen kwata na bokitin ta rariya mai ido maikron 50, wato kashi ɗaya cikin ashirin na milimita, in mayar da sabon ruwa, ko da 'ya'ya ko babu. Yadda mai kindirmo ke rage tsohon nono ta haɗa na gobe, haka ragowar ke sake cika bokitin. In kika daina ɗiba, ruwan ya tsufa, amoniya, gubar da ƙazanta ke haifarwa a ruwa, ta hau, wata safiya ki tarar bokitin ya mutu yana wari. Shi ya sa bokiti biyu ake yi, kowanne da bututunsa da rariyarsa. Irin farawa kuwa, ana sayar da busasshen ƙwan rotifa da gansakukar kwalba ta intanet, sai dai ita gansakukar firji take so, ki yi lissafin tafiyarta kafin ki yi oda.

Za a ce miki yis ɗin burodi ma yana kiwon rotifa. Yana yi, har ta yi yawa. Amma rotifa abin da ta ci shi take kai wa ɗan kifi, yis kuwa ba shi da irin man da ɗan kifin teku ke bukata don ido da ƙwaƙwalwa. 'Ya'yan kifin za su yi ta ci ciki ya cika, ki yi murna, a zo kwana na tara su zube.

Sai ɗakin haihuwa. Ƙaramin akwati mai lita 20 zuwa 40, babu yashi, babu dutse, babu matata, a rufe gefunansa huɗu da baƙar leda don hasken gefe na ruɗa su su yi ta dungurar gilashi. Haske kaɗan daga sama, dutsen iska guda (ɗan abin da ake sa wa bakin bututun iska ya riƙa fitar da ƙananan kumfa) a hankali, hita in ana sanyi. A cika shi da ruwan akwatin iyaye. Tun da naki a dutse suke yi, a daren ƙyanƙyasa ki kashe famfo da matata da duk fitilun falo, ki jira, sannan ki haska ƙaramar tocila a kusurwa ɗaya. 'Ya'yan haske suke bi, za su taru a ƙarƙashinta, ki riƙa kamfatarsu da ƙaramin kwano tare da ruwansu. Kada raga ta taɓa su. Kada kuma ki manta ki kunna famfon iyaye in kin gama.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ki sa musu ƙaramar tukunyar fulawa ta jar ƙasa, marar fenti, a kwance kusa da dutsen nasu. Sukan ɗau lokaci kafin su yarda da ita. In sun koma yi a ciki, da yammar ranar ƙyanƙyasa sai ki ɗauke tukunyar dungurungum a cikin roba mai ruwa ki kai ɗakin haihuwa, ki saita iska tana ratsa gefen ƙwan tana kaɗa shi, a madadin fifitar uban. Sayi tukwane biyu iri ɗaya, kina ɗauke wannan kina ajiye waccan. Ki kuma shirya shan cizo. Macen tawa da zarar hannuna ya shiga ruwa take kama bayan yatsana, ba ta taɓa fashi ba.

Da safe ki zuba rotifa har a sami kamar 10 zuwa 15 a kowane mililita, ki ɗan ɗiga gansakuka ruwan ya yi kore-kore don rotifar ta ci gaba da ci, su kuma 'ya'yan su fi ganinta. Hanyar dubawa mai sauƙi: ɗebi ruwan a ƙaramin kofin gilashi ki ɗaga wa haske, ki ga ƙura-ƙura na yawo ko'ina. Ɗan da ya ci, cikinsa kan yi tulu. In suka zube a rana ta biyu ko ta uku, yunwa ce. Kullum ki zuƙe ƙasan akwatin da siririn bututu, ki mayar da ruwa ɗigo-ɗigo, don babu matata, amoniya na nan tana taruwa.

Wajen kwana biyar zuwa bakwai sai a fara haɗa musu da atimiya, wani ƙanƙanin dangin jatan lande na ruwan gishiri da ake sayar da busasshen ƙwansa. A nan nake jan kunnen ɗan'uwana na Kano: ɓararriyar atimiya ta gwangwani da ake barbaɗa wa 'ya'yan tarwada ba ta motsi, ba za ta yi a wannan mataki ba. Mai ƙyanƙyashewa ake so, a zuba ta a kwalbar ruwan gishiri da iska mai ƙarfi, cikin awa 18 zuwa 24 ta fashe, a raba ta da ɓawonta, a ba su tun tana sabuwa. Kaɗan-kaɗan, don ba su san ƙoshi ba.

Tsakanin kwana takwas da sha biyu suke sauya kama. Su sauko ƙasa, jiki ya yi ruwan lemo, farar ɗamarar kai ta fara fitowa, su soma rangajin nan na iyayensu. A wannan gaɓa ko tsoro kaɗai kan kashe su, don haka ban da kunna fitila farat ɗaya, ban da buga gilashi. Wanda ya haye sai a koya masa garin abinci, a sa ƙaramar matatar soso. Kada ki karaya in a zagayen farko guda biyar kacal kika tsira da su cikin ɗaruruwa. Iyayen na nan, bayan sati biyu za su sake ba ki dama, muddin kina ba su yankakken jatan lande da naman kifin teku da abincin gwangwani mai kyau sau biyu ko uku a rana, fitilarsu kuma tana kunnuwa tana mutuwa a kan lokaci guda.

Gishirin akwatin kifi ya yi tsada. Ba zan iya jiƙa gishirin girki ba? — Ɗalibi, Zariya. Wani kuma daga Jidda ya ce teku na kusa da shi, ko ya riƙa ɗebowa a jarka?

Ɗana, a'a. Gishirin girki sinadari ɗaya ne kusan zalla. Ruwan teku kuwa yana ɗauke da magniziyam da kalsiyam da fotasiyam da salfet da abin da ke riƙe ma'aunin pH, wato awon tsamin ruwa, a wajen 8.1 zuwa 8.3. Babu makawa sai haɗaɗɗen gishirin teku irin Instant Ocean ko Red Sea. Yi lissafi tun yanzu: kowace lita na cin wajen giram 35, akwati mai lita 100 ke nan kilo uku da rabi a zubin farko, sannan canjin kashi 10 cikin 100 duk sati. Ruwan haɗin ma ba na rijiya ko na famfo ba, wanda aka tace da na'urar RO ake so, irin wadda masu fiya wata na ƙwarai ke amfani da ita. Sayi ma'aunin gishiri ka riƙe shi tsakanin 1.021 da 1.026, ba ya hawa ba ya sauka. Kuma sabon akwati sai ya yi sati huɗu zuwa shida yana aiki babu kifi, har bakteriyar da ke cinye amoniya ta zauna.

Na Jidda, kai ka dace, kifin ma maƙwabcinka ne, don Bahar Maliya na da nata nau'in mai ɗamara biyu, Amphiprion bicinctus. Ruwan zai yi in daga wuri mai tsabta ka ɗebo, nesa da tashar jiragen ruwa da bakin magudana, ka tace shi ka ajiye a duhu ya kwanta. Amma Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri, takan kai giram 40 a lita, sai ka surka da ruwan RO har ma'auni ya daidaita.

A nan zafi na wuce digiri 40 a watan Afrilu, wuta kuma ba tabbas. Zai yiwu kuwa? — Mai karatu, Maraɗi

Zai yiwu, amma sola ko inbata za ka fara saya kafin kifi. Tarwada na da gaɓar shaƙar iska daga sama, ruwa ya lalace ta ɗago kai ta rayu. Nemo ba shi da wannan, kuma ruwan gishiri mai ɗumi ba ya riƙe iskar numfashi da yawa. Famfo ya tsaya na 'yan awoyi a daren bazara, ka wayi gari da gawa, bokitin rotifa ma ya riga su tafiya. Abin sauƙin shi ne famfon iska da ƙaramin famfon ruwa ba su cin wuta sosai, ƙaramin batir na riƙe su har safe. Ajiye famfon iska na ko-ta-kwana mai batirin tocila.

Zafin da suke so digiri 26 zuwa 28. In ruwa ya daɗe sama da 30 sukan daina ƙwai. Sa akwatin a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga, ka ɗora ƙaramar fanka tana hura saman ruwan. Busasshiyar iskarmu ta Maris da Afrilu na taimakon wannan dabara ƙwarai, sai dai ruwa zai riƙa ƙafewa. A nan da yawa ke kuskure: ruwa ne ke tashi, gishirin na nan, don haka da ruwa marar gishiri ake cikawa, kullum, zuwa alamar da ka zana a gilashi. Tun da murfin zai buɗe saboda fanka, rufe da raga, sukan yi tsalle. Da hunturu kuma hita za ka nema.

Abu ɗaya da littattafan Turai ba sa faɗa mana da ƙarfi: maganin sauro. Na feshi da na kunnawa duk guba ne ga kifi, kuma famfon iska zuƙo shi yake yi ya tura cikin ruwa kai tsaye. Ɗakin kifi gidan sauro ake sa wa, ba feshi ba. Ka gaya wa mutanen gida tun kafin wani ya yi maka gwaninta.

Dole sai da animoni za su yi ƙwai? Kuma akwai riba a harkar? — Matashi, Kaduna

Ba dole ba. Gonakin da ke fitar da dubbai da tukwanen ƙasa da tayil suke aiki. A teku animoni mafaka ce daga manyan kifaye, a akwatinka babu mai farautarsu. Ita kuwa tana son fitila mai ƙarfi da akwatin da ya daɗe da zama, tana yawo ta faɗa bakin famfo, in ta mutu ta ɓata ruwan gaba ɗaya. Bar ta tukuna.

Riba kuma, a ganina ba a arewa ba tukuna. 'Ya'yan na kai girman sayarwa, santimita biyu da rabi zuwa uku, a wata huɗu zuwa shida, duk tsawon lokacin kana ƙona gishirin da aka shigo da shi da dala. Mai saye kuma dole ya kasance yana da akwatin ruwan gishiri da ya riga ya zauna, irin waɗannan mutane kuwa a Legas da Abuja suka fi yawa, sai ka ɗaure kifi a leda da iskar oksijin ka bi su can. Kafin ka sayi bokiti, kira shagunan kifin ado na garuruwan nan biyu ka tambaye su guda nawa suke sayarwa a wata, nawa suke sarowa, kuma ko za su karɓi na gida.